Saƙon da Ba Ya Gaggawa: Rediyon Sha'awa a Dogon Zango

Rediyon sha'awa harka ce ta mutanen da gwamnatin ƙasarsu ta ba lasisin mallakar na'urar aika saƙo ta iska da ta karɓa, su yi hulɗa da junansu don koyo da gwaji, ba don neman kuɗi ko watsa shiri ga jama'a ba. Kowannensu yana da inkiyar da ake kiransa da ita, haruffa haɗe da lambobi, kuma farkon inkiyar ke nuna ƙasarsa: ta ɗan Najeriya takan fara da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, Gana 9G, Kamaru TJ. Galibinsu a gajeren zango suke zama, inda ƙaramar na'ura da waya mai tsawon mita ashirin kan kai murya wata nahiya. Amma akwai 'yan tsiraru da suka bar wannan sauƙin suka gangara can ƙasa, dogon zango da gindin matsakaicin zango, inda murya ba ta da wurin shiga, inda jimla guda kan ci rabin awa, wani lokaci dare sukutum, kafin ta isa. Matashin Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa da hannunsa ke ƙaiƙayin waya da dalma zai ƙaru da sanin yadda mutanen nan ke aiki, ko da bai taɓa aika ɗigo ɗaya ba, domin a wannan gurbin ne ƙa'idodin rediyo suka fi fitowa fili.

Kalmar zango ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun 1957 da BBC ta fara sashen Hausa ake jin mai gabatarwa yana jero mitocin da za a same su, kuma dattawan karkara da yawa sun haddace cewa Rediyo Kaduna tana kan mita 49, wato kilohaz 6090. Lambobin biyu abu ɗaya suke faɗa. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, tana tafe tana kaɗawa. Kilohaz shi ne kaɗawa dubu a daƙiƙa. Mita kuwa tsawon da igiyar ke ci a kaɗawa ɗaya. In aka raba 300,000 da 6090 za a sami 49 da 'yan kai. Ke nan duk sa'ad da kaɗawa ta ragu, zango ya ƙara tsawo. Wannan rabawar guda ɗaya ita ce lissafin farko da mai koyo zai riƙe, don kusan kowace wahala da ke gaba daga cikinta ta fito.

Gurbi biyu ake magana a kai. Na farko daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, zangonsa mita 2200, wanda taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya ware wa 'yan sha'awa a 2007, bisa sharaɗin kada ƙarfin da ke barin eriya ya shiga iska ya wuce wat 1. Na biyu daga kilohaz 472 zuwa 479, mita 630, an ware shi a taron 2012, shi ma wat 1, sai dai an yarda wasu ƙasashe su kai wat 5. Faɗin na farko gaba ɗayansa kilohaz 2.1 ne. Muryar mutum ɗaya, yadda aka saba aika ta, tana buƙatar fiye da haka. Saboda haka duk duniya ke raba wurin da bai ishi bakin mutum ɗaya ba.

Akwai abin dariya a tarihin. A dogon zango da matsakaici rediyo ta fara. A Disamban 1901 mai gwajin rediyo Markoni ya ce ya ji alamar da aka aiko daga Ingila yana tsibirin Niyufanlan, a ɗaya gefen Tekun Atalantika. A lokacin an ɗauka dogon zango ne kaɗai mai amfani, shi ya sa dokar Amurka ta 1912 ta kora 'yan sha'awa zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba, wurin da ake gani kufai ne. A kufan nan suka gano albarkar gajeren zango: a Nuwamban 1923 wani Bafaranshe a birnin Nis da wasu Amurkawa biyu suka yi musayar saƙo a kan mita ɗari da ɗoriya. Duniya ta yi ca zuwa can. Kilohaz 500 ya ci gaba da zama gurbin neman agaji na jiragen ruwa har 1999, lokacin da aka koma tsarin tauraron ɗan Adam. Sai da manyan suka fara kwashe kayansu sannan aka buɗe wa jikokin waɗanda aka kora ƙofar komawa.

Igiyar dogon zango hanya biyu take bi. Ɗaya ta ƙasa: tana rarrafe a doron ƙasa, tana bin lanƙwasarta, kuma nisan da za ta yi ya dogara da irin ƙasar. Ruwan teku ya fi kowane abu ɗaukarta, sai ƙasa mai danshi irin ta fadama. Rairayi busasshe da dutse kuwa shanye ta suke yi. Sunan jihar Jigawa ma, inda Kazaure da maƙwabtanta suke, ya faɗi halin da ake ciki, domin jigawa ita ce ƙasa mai yashi, ga kuma duwatsun Kazaure da Roni, ga Sahara shimfiɗe a arewa. Ɗaya hanyar ta sama ce. Daga kimanin kilomita 60 zuwa sama akwai sashen iska da hasken rana ke cajawa, ana ce masa ayonosifiya. Da rana ƙasansa kan yi kauri ya haɗiye igiyar matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai wannan kaurin ya watse, igiyar ta kai wajen kilomita 90 zuwa 100, ta karyo ta dawo ƙasa can nesa. Shi ya sa rediyon da ba ya kama komai a matsakaicin zango da azahar, bayan isha'i sai ya cika da Larabci da harsunan da mai shi bai taɓa ji ba. Duk wanda ya lura da wannan ya riga ya yi gwajinsa na farko.

Babbar matsalar mai aikawa ita ce eriya. Eriya mai kyau tsawonta yakan kai rubu'in zango. A mita 49 wannan kimanin mita 12 ne kawai, gora biyu sun ɗaga ta. A mita 630 ana neman kusan mita 158, a mita 2200 kuwa mita 550, a tsaye. Ba mai wannan a bayan gidansa. Abin da ake samu shi ne sanda ko waya ta mita 10 zuwa 20, a shimfiɗa mata wasu wayoyi a ka kamar rumfa, a gindinta a sa ƙaton kwayil da aka naɗa a jikin bokitin roba ko durom don ya cike gurbin tsawon da babu. Irin wannan eriya a kilohaz 136 takan fitar da ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na abin da aka zuba mata. Sauran ya tafi a ɗumama ƙasa da kwayil da itatuwan da ke kusa. Mutum zai ƙona wat ɗari biyar ko dubu, abin da ya shiga iska bai kai wat ɗaya ba, ƙarfin da bai fi na ƙwan tocila ba. Tambayar ita ce yadda za a ji wannan 'yar ƙyas a nisan kilomita dubbai, cikin ƙarar tsawa da ta injuna.

Amsar ita ce a sayi nisa da lokaci. A kwatanta da kasuwa ta cika ta batse, mutum biyu suna gefe da gefe na filin. In ɗaya ya yi magana da sauri, hayaniya ta cinye ta. In kuwa ya yi fito da sauti ɗaya tak, ya ja shi ya daɗe bai sauya ba, kunnen ɗayan zai tsinto shi, domin hayaniyar kasuwa hawa da sauka take yi, ba ta tsaya wuri ɗaya ba, shi kuwa fiton yana nan daram. Haka abin yake a rediyo. Hayaniya a warwatse take ko'ina cikin gurbi, kuma yawan wadda ke shiga na'ura daidai yake da faɗin ƙofar da aka buɗe mata. In aka rage faɗin ƙofar sau goma, hayaniya ta ragu sau goma, alamar da ake nema kuwa tana nan yadda take, muddin siririya ce da za ta iya wucewa. Alama ba ta sirancewa sai an rage saurin sauyawarta. Wanda ya shimfiɗa lissafin wannan ciniki tsakanin ƙarfi da faɗi da sauri shi ne Claude Shannon, a 1948, kuma a kansa aka gina wayar da ke aljihun kowa yau. Ana auna ribar da desibel: desibel 3 ninki biyu ne, 10 ninki goma, 20 ninki ɗari, 30 ninki dubu. Duk sa'ad da aka ninka tsawon lokacin saƙo an ci desibel 3, tamkar an ninka ƙarfin na'ura ba tare da an ƙara ko batir ɗaya ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. A nan sai an yi sannun ma ake zuwa.

Hanya mafi tsufa ita ce jan saƙon Mos, tsarin ɗigo da ja na zamanin tangaraho. Mai bugawa da hannu yakan yi ɗigo a kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A hanyar da ake kira QRSS ana mai da ɗigon daƙiƙa 3, ko 10, ko 60, har 120. Harafin K, wanda yake ja, ɗigo, ja, yakan ci daƙiƙa 27 in ɗigo na daƙiƙa 3 ne. In na daƙiƙa 60 ne sai ya ci minti tara. Kunne ba ya aiki a nan, ido ne ke karatu. Kwamfuta tana tattara abin da ya shigo tana zana shi a allo, hoton yana tafiya a hankali kamar inuwar bango da hantsi. Allon duk ɗige-ɗige ne kamar an watsa gero a tabarma. Can sai a ga wani siririn layi fari ya fara bayyana, ya yanke, ya dawo gajere, ya yanke, ya dawo dogo. Mai kallo ya ɗauki biro ya rubuta harafi ɗaya, ya koma ya zuba shayi kafin na biyu ya cika. Rahoton da ake mayarwa ma harafi guda ne: O in an karanta sarai, M in da ƙyar, T in an ga alama amma ba ta karantu ba. Da irin wannan hanya, a Fabrairun 2001, wani ɗan sha'awa a Ingila da wani a Kanada suka kammala musayar saƙo ta kan Atalantika a kilohaz 136, ɗigonsu na daƙiƙa 90, kuma sai da suka shafe kusan mako biyu kafin gaisuwar ta cika.

Daga baya kwamfuta ta karɓi karatun. Wanda ya fi kowa tasiri a nan shi ne Joe Taylor, mai inkiya K1JT, tsohon malamin kimiyyar taurari a Jami'ar Princeton, wanda ya sami kyautar Nobel a 1993 tare da Russell Hulse saboda wasu tagwayen taurari da suka gano ta hanyar tsinto alama mai rauni cikin hayaniyar sama. Wannan gwanintar ya kawo wa rediyon sha'awa. A 2008 ya fitar da WSPR. Saƙonta abu uku ne kawai: inkiya, wurin da mutum yake, da ƙarfin na'urarsa. Duka bit 50 ne, wato lambobi 50 da kowanne sifili ne ko ɗaya, amma ana faɗaɗa su da lissafin gyaran kuskure zuwa alamomi 162, a aika su da sautuka huɗu masu kusancin gaske cikin daƙiƙa 110.6, a faɗin da bai wuce haz 6 ba. Ko wani sashe ya ɓace a hanya, ragowar ya isa a gano saƙon. Manhajar takan karanta alamar da ke desibel 28 ƙarƙashin hayaniyar gurbin murya, wato hayaniyar ta fi ta ƙarfi sau ɗari shida da wani abu. Wanda ya sa kunne ba abin da zai ji sai shuuu, amma minti biyu na cika sai layin rubutu ya faɗo a allo.

A 2017 aka sami FT8, mai zagayen daƙiƙa 15, wadda ta mamaye gajeren zango. Don dogon zango kuwa aka ƙera FST4 da FST4W, waɗanda suka fito a 2020. FST4 ta musayar saƙo ce tsakanin mutum biyu, zagayenta daga daƙiƙa 15 har 1800. FST4W ta shela ce irin WSPR, daga daƙiƙa 120 zuwa 1800. A zagayen rabin awa ana kaiwa wajen desibel 45 ƙarƙashin hayaniya, kuma faɗin alamar duka bai kai rabin haz ba. Daga minti biyu zuwa minti talatin ninki goma sha biyar ne, don haka wat ɗaya a zagayen rabin awa yana aikin wat goma sha biyar a zagayen minti biyu. Dukansu suna cikin manhajar WSJT-X, wadda kyauta ake ba da ita.

Mai hankali zai tambaya me ya hana a yi haka a kowane zango. Abin da ya hana shi ne sama ba ta tsayawa cik. A gajeren zango igiyar tana shiga can cikin ayonosifiya, inda iskar ke motsi, sai ta dawo a ɗan barbaje, kuma wannan barbajewar ta fi tsanani a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin Najeriya, musamman bayan magariba. Alamar da aka sirance zuwa rabin haz ba za ta tsira a can ba. Dogon zango daga gindin sashen yake karyowa, inda abin ya fi natsuwa, shi ya sa yake jure jan lokaci. Sharaɗi na biyu yana cikin ɗaki: dole na'ura ta tsaya a kan kaɗawarta ba ta zame ba tsawon rabin awa. Ƙaramin dutsen kiristal da ke riƙe da kaɗawar yana bin zafi da sanyi. A yankin da zafin Afrilu kan haura digiri 40 da rana, a hunturu kuma asuba ta sa mutum neman wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu abin hannu suna ɗaure na'urar da agogon GPS. Mai ƙaramin ƙarfi yakan kunna ta awa guda kafin aiki, ya sa ta cikin kular abinci ko kwali mai soso, nesa da taga da fanka. Agogon kwamfuta ma dole ya yi daidai, kuskuren kada ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin kowa a duniya a farkon minti ɗaya yake farawa. Lokacin da ake rubutawa shi ne na duniya, UTC, wanda agogon Najeriya ya riga shi da awa ɗaya.

Wurin da mutum yake ana faɗarsa da haruffa biyu da lambobi biyu, bisa tsarin da aka amince da shi a garin Maidenhead na Ingila a 1980, wanda ya yanka duniya gida-gida, kowane gida digiri biyu gabas da yamma, digiri ɗaya kudu da arewa. Kazaure tana wajen digiri 12 da rabi arewa, 8 da ɗan kai gabas. Ita da Roni da Gwiwa da Babura duk gida ɗaya suka faɗa: JK42.

Abin da ya dace matashi ya fara da shi saurare ne, kuma wannan ba matsayin ɗan kallo ba ne. Gwajin dogon zango ba ya cika sai da mai ji. Duk wanda ya karɓi WSPR ko FST4W manhajarsa kan tura rahoto ta intanet zuwa rumbun da ake kira WSPRnet, inda mai aikawa zai ga iyakar inda alamarsa ta kai. A taswirar rumbun Turai da Amurka ta Arewa cike suke maƙil, Afirka ta Yamma kuwa kusan fayau. Tashar saurare guda a JK42 da ke kwana a kunne za ta amsa tambayar da masu aikawa a Italiya da Sifen da Jamus ba su da mai amsa musu: shin alamarsu tana tsallake Sahara? Daga Kazaure zuwa Rum kimanin kilomita 3,300 ne, zuwa tsakiyar Jamus sama da 4,000.

Kayan saurare ba su da tsadar na aikawa. Ana buƙatar ƙaramar na'urar karɓa da ake haɗawa da kwamfuta, wadda ake kira SDR, amma a duba takardarta kafin a biya kuɗi, domin masu arahar cikinsu ba sa sauka ƙasa da kilohaz 500 sai da ƙarin na'ura. Irin su SDRplay da Airspy HF+ suna sauka. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa. Eriyar karɓa ba ta buƙatar tsawo: zoben waya mai faɗin mita ɗaya da aka naɗa sau da yawa a kan katako, da kwandansa mai juyawa da aka ciro daga mataccen rediyo, suna aiki. A teburin kowane mai gyaran rediyo akwai darasin a kwance. In aka buɗe bayan rediyon hannu za a ga baƙar sanda kamar gawayi, an naɗe ta da siririyar waya. Ita ce eriyar matsakaicin zango, kuma ita ta sa in an juya rediyo tasha kan ƙaru ko ta ɓace, domin sandar ba ta ji ta tsininta, ta gefenta take ji. Da wannan juyin ake kawar da hayaniyar da ke zuwa daga gefe ɗaya, da shi kuma ake gane inda take fitowa. Don WSPR ana saita na'ura a kilohaz 136.0 ko 474.2. Kafin a kai can, yana da kyau a gwada hannu a mita 40, kilohaz 7038.6, inda alamomi suke da yawa dare da rana. In nan ma ba a karanta komai ba, laifin na agogo ne ko na haɗin waya, ba na sama ba.

Akwai manyan tashoshi da ake auna kunnen na'ura da su. DCF77, kusa da Frankfurt a Jamus, tana aika lokaci a kilohaz 77.5 da kilowat 50, bit ɗaya kowace daƙiƙa, kuma kusan saitin arewa take da Kazaure, a ninki biyu na nisan da aka tsara ta ta kai. Tashar Aljeriya da ke Tipaza tana kilohaz 252. Tsakanin kilohaz 200 da 500 akwai fitilun rediyo na filayen jirgin sama, masu maimaita haruffa biyu ko uku da Mos a hankali, waɗanda suka fi kowane littafi koyar da haruffan. A Suwidin kuma akwai tashar Grimeton ta 1924, wadda injin juyawa ne ke haifar da igiyarta a kilohaz 17.2, ana tashinta 'yan lokuta a shekara. Kaɗawarta ta yi ƙasa har katin sautin kwamfuta kan iya karɓarta kai tsaye.

Abokin gaba na gaske shi ne hayaniya, kuma iri biyu ce. Ta sama daga walƙiya take, Afirka kuwa tana cikin wuraren da suka fi ko'ina tsawa a duniya. Daga Mayu zuwa Oktoba dogon zango a nan kamar ana suya a kasko yake, kuma hadarin da ke Kamaru ko Kongo ma ana jin sa. Lokacin aiki shi ne hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya yi daidai da dogayen dararen Turai, daga tsakar dare zuwa gab da fitowar rana. Ƙurar hunturu kan tara caji a jikin doguwar waya har ta yi tartsatsi, wani dalili ke nan na fifita zobe. Hayaniya ta biyu ta gida ce: inbatar sola, cajar waya mai araha, ƙwan lantarki na zamani, janareta, fulogin babur. Caja ɗaya mai araha a ɗakin maƙwabci tana iya rufe gurbin mita 2200 ɗungurungum. A nan ƙauye ya fi birni. Abin da ɗan sha'awa a Landan ko Kano ke nema ruwa a jallo, wato wurin da babu wayar lantarki kusa, shi ne abin da ƙauyukan Gwiwa da Roni ke kuka da shi. Tashar da ke aiki da batir kaɗai, an kashe inbata, an kai eriya mita talatin daga ɗaki, za ta ji abin da mai kayan miliyoyi a tsakiyar gari ba zai ji ba. Hanyar gano mai laifi ita ce a kashe komai na gidan, a riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya ana kallon allo.

Aikawa kuwa sai da lasisi, kuma wannan ba wurin wayo ba ne. Tun Dokar Wayar Iska ta 1961 haramun ne a kafa na'urar aika saƙo a Najeriya ba da izinin gwamnatin tarayya ba. Warewar da ITU ta yi ba izini ba ce. Kowace ƙasa ita ke buɗe gurbi a dokarta, kuma takardar lasisin mutum ce ke faɗin inda zai taɓa da ƙarfin da zai yi amfani da shi. Ƙa'idar duniya ta hana ɗan sha'awa ɓoye ma'anar saƙonsa, ta hana shi kasuwanci, ta wajabta masa faɗin inkiyarsa. Ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, ita ce ƙofar da ake bi a nemi bayani. Ban da doka akwai hali na zamani. Yankin yana maƙwabtaka da Katsina, iyakar Nijar ba nisa, kuma shekarun nan duk wanda aka gani da baƙuwar waya a sama da na'ura mai ƙyalli cikin dare za a yi masa tambaya. Ko eriyar saurare ce, hikima ita ce a fara gaya wa mahaifi, a je wa mai unguwa ko dagaci, a nuna musu allon da abin da yake yi, kafin jita-jita ta riga mutum isa. Mafi sauƙi shi ne a yi abin a inuwar makaranta. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha, Babura kuma tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Tashar saurare ta WSPR aikin kammala karatu ne da ya haɗa lantarki da lissafi da manhaja, ya kuma fi yawancin abin da ake kwafowa a ɗaure a ajiye a kanta.

Kada kuma a ɗora wa abin nauyin da ba nasa ba. Hanyoyin nan ba na hira ba ne, ba na kiran agaji ba ne ranar da layin waya ya ɗauke. Saƙon da ke cin rabin awa don ya faɗi inkiya da lamba ba zai kira mota ga mai naƙuda ba. Amfaninsu ilimi ne: auna hayaniya, karanta desibel, naɗa kwayil, gane dalilin da ya sa na'ura ta zame. Wanda ya iya waɗannan ya iya rabin aikin injiniyan sadarwa, kuma zai gane abin da ke damun inbata ko famfon sola tun kafin ya kwance shi.

Haɗari biyu ne ke kisa. A tashar aikawa, saman kwayil yakan ɗauki bolt dubbai, har sama da dubu goma, ya ƙona fata, ya kuma yi tartsatsin da zai kama dangar kara ko rufin ciyawa a rani. Wurin yana buƙatar shinge da zai hana yara da awaki. Na biyu ya shafi har mai saurare: duk waya da ke sama gayyatar aradu ce, kuma ba a ratsa ta sama ko ƙarƙashin wayar lantarki ko da an daɗe ba a kawo wuta ba. Da an ga hadarin farko ya haɗo daga gabas ake cire wayar eriya daga na'ura, a fitar da bakinta waje, a ɗaure shi da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa mai danshi.

Abu na ƙarshe cikin kayan tasha shi ne littafin rajista, ko da na makaranta ne mai shafi arba'in. A ciki ake rubuta kwanan wata, lokaci da agogon UTC, kaɗawar da aka saurara, eriyar da aka sa da gefen da ta fuskanta, inkiyar da aka karanta da desibel ɗinta, da yanayin sama. Daren da ba a ji komai ba shi ma ana rubuta shi, tare da abin da ke kunne a gidan da maƙwabta, domin sai an jera darare talatin ko sittin ake ganin ko shirun na sama ne, ko na eriya, ko na cajar da ake sawa bayan sallar isha'i.